Hayaniya da shiru a Bauchi: tambayoyi da amsoshi

Ni na saba. Ko janareton maƙwabci na aiki barcina nake yi. Ina matsalar?

Sabo turken wawa ne, in ji Hausawa. Ido yana da fatar da ke rufe shi, kunne kuwa a buɗe yake kwana. Kana barci ƙwaƙwalwa na sauraro, duk ƙarar da ta shigo sai bugun zuciya ya ɗan ƙaru, barcin ya yi sama-sama ko da ba ka farka ba. Shi ya sa mutum zai kwanta awa bakwai ya tashi kamar wanda ya kwana yana noma. Ana auna sauti da ma'aunin da ake kira desibel, kuma hirar mutum biyu tana kai kimanin 60. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya, reshenta na Turai, ta ba da shawarar kada ƙarar dare a wajen ɗakin kwana ta wuce 40, domin wanda ya daɗe cikin hayaniya ya fi shiga haɗarin hawan jini da ciwon zuciya.

Wace irin ƙara ce ke kashe kunne?

Daga desibel 85 haɗari ke farawa, idan mutum ya yi awa takwas a ciki. Duk ƙarin 3 yana rage rabin lokacin: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa minti goma sha biyar kacal. Ba sai kana da na'ura ba. Idan mutum na tsaye gabanka, hannunka na iya taɓa shi, amma sai ka ɗaga murya zai ji ka, to wurin ya kai a yi hattara.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙwayoyi masu siririn gashi da ke karɓar sauti. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da ke yini a bakin injin markaɗe, da masu walda, da matasan da ke kwana da iyafis a kunne. Babu ciwo, babu jini, sai wata rana a ga mutum yana ta cewa "Na'am? Me ka ce?" tun bai kai arba'in ba. Wanda kunnensa ke yi masa ƙara bayan ya tashi aiki, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a duba shi, kuma ya riƙa toshe kunne a wurin aiki.

To ai wasunmu shirun ne ke damunsu. Me ya kawo haka?

Haka muka tashi. Ka shiga gida ka ji tsit, abin da za ka fara cewa shi ne "Lafiya kuwa na ji gidan shiru?" A wurinmu shiru alamar rashin lafiya ce, ko fushi, ko makoki. Amma akwai bambanci tsakanin motsin mutane da ƙarar inji. Sautin daka, wasan yara a tsakar gida, sallamar baƙo, duk suna zuwa su wuce, suna kuma gaya maka kana cikin jama'a. Janareto da lasifikar mai tallan magani a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ba sa numfasawa. Wanda ya taɓa kwana a Yankari ya sauka ruwan Wikki da sassafe ya san shirun da nake nufi: akwai kukan tsuntsaye da motsin ganye, amma kana jin tunaninka. Irinsa ne muke samu a gari bayan sallar asuba, lokacin da hadda ta fi zama a kan almajiri.

Lasifikar wa'azi da ta biki fa?

Kiran salla mintuna ne, kowa na jiransa. Lasifikar da za ta kai ƙarfe ɗayan dare kuwa, ta wa'azi ce ko ta kiɗa, tana faɗawa kan mai jego da majinyaci da ɗalibi mai jarrabawa. Aya ta 19 a Suratu Luƙman ta yi umarni da a sassauta murya. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW), yana i'itikafi, ya hana sahabbai ɗaga murya a kan juna ko da wajen karatun Alƙur'ani.

Akwai doka? Ina zan kai ƙara?

Akwai. Hukumar NESREA ta tarayya, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idojin taƙaita hayaniya tun 2009, jihar Bauchi kuma tana da BASEPA mai kula da muhalli. Sai dai ka fara da sallama a ƙofar maƙwabcin: "Alhaji, don Allah injin nan yana jikin tagar ɗakin Hajiya, ko za a matsar da shi ɗaya ɓangaren?" Sau da yawa bai ma san ƙarar na kai muku haka ba. In ya ƙi, sai mai unguwa. Amma kada a ce don rage ƙara za a shigar da janareto zaure ko kicin a rufe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, kuma tana kashe mutane cikin barci.