Kafin ka je kotu ka ce ka karye: abin da dokar Najeriya ta tanada wa wanda bashi ya yi wa katutu

Mutane da yawa suna jin labarin yadda a Amurka mutum ke zuwa kotu ya ce ya karye a yafe masa bashi, sai su ɗauka a nan ma haka take, ka shigar da takarda ka dawo gida ka yi barcinka. Dokar kam akwai ta a Najeriya, tun 1979, aka yi mata gyara a 1992, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin wannan shari'ar, ba majistare ba. Amma ba kasafai ake amfani da ita ba, kuma akwai dalili.

Hanya biyu ake shiga. Ko kai da kanka ka kai takarda ka ce ba za ka iya biya ba, ko mai binka ya kai, yawanci bayan ya yi nasara a kanka a kotu an aiko maka da sanarwa ka kasa biya. Mafi ƙarancin bashin da zai kai ƙara a kai naira 2,000 ne, kuɗin da yanzu ko mudun shinkafa da ƙyar ya saya, daga nan ma ka san dokar ta tsufa.

Da kotu ta amince, dukiyarka ta bar hannunka kenan. Wani jami'i ne zai karɓi komai, gida, fili, mota, kayan shago, har bashin da kai kake bin wasu, a sayar a raba wa masu binka gwargwadon abin da kowa ke bi. Abin da ake bar maka kayan sana'a ne da sutura da shimfiɗa naka da na iyali, su ma da iyaka. Kuma za ka rubuto duk abin da ka mallaka bisa rantsuwa, a titsiye ka da tambayoyi a gaban kotu, to masu dabarar maida takardar fili sunan mata ko ƙani ana gobe za a shigar da ƙara su sani kotu na iya warware wannan kyautar, ɓoye kadara kuma laifi ne mai zaman kansa. Haka in ka zaɓi wani abokinka cikin masu binka ka biya shi a ɓoye don ka fifita shi kan saura, ana iya dawo da kuɗin. Wanda ka ba jingina kuwa, kamar bankin da ke riƙe da takardar gidanka, hakkinsa na kan gidan nan daram. Garantonka ma bai tsira ba, shi za a koma wa.

Sai tabon da ke biyo baya. Muddin kotu ba ta sallame ka ba, wato ta cire ka daga matsayin wanda ya karye ta sauke maka ragowar bashin, tsarin mulkin 1999 ya hana ka takarar majalisa, gwamna ko shugaban ƙasa, dokar kamfanoni ta 2020 ma ta hana ka zama darakta. Sallamar kuma ba ta goge bashin da aka ci ta hanyar damfara.

Shi ya sa a ganina ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci, sulhu ya fi, ita kanta dokar ta yarda ka kawo tayin biyan wani kaso ko biya kaɗan-kaɗan in masu binka sun amince. Zauna da biro da takarda ka rubuta kowane bashi, uwar kuɗi nawa, ruwa nawa, wanne ke da jingina, sannan ka je banki da ƙafarka tun kafin su fara kira, ka nemi a tsawaita lokaci ko a rage tara, kuma duk abin da aka yarda a rubuta a sa hannu, maganar baki da manaja ba ta da amfani ranar da aka canza masa reshe. Kar ka ce za ka gudu wani banki, tun Agustan 2020 Babban Banki ya fito da tsarin GSI, in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance ana bin BVN ɗinka a zari kuɗin daga sauran asusunka. Sunanka kuma yana wajen kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, kowane banki zai gani.

Batun 'yan sanda, bashi zalla ba laifi ba ne, dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Sai dai ka kiyayi ba da cekin da ka san babu kuɗi a asusun don a ƙyale ka, wannan ɗaurin shekara 2 ne. Masu manhajar bashi da ke tura wa mutanen wayarka saƙon cin mutunci, hukumar kare hakkin masu sayayya, wato FCCPC, ake kai ƙorafinsu, amma bashin yana nan sai ka biya.

In tsakanin Musulmi ne aka je kotun shari'a, fiƙihun Malikiyya ma ya ba alƙali ikon hana wanda bashi ya cinye dukiyarsa taɓa ta, a sayar a raba, wanda aka tabbatar ba shi da komai kuma a saurara masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 a Baƙara ta ce. Ko ta wace kotun ce, ka ga lauya da takardunka a hannu kafin ka sa hannu a kan komai.