Dokar Champagne: me ya sa ba kowace kwalba mai kumfa ce ke da wannan sunan ba

A 2023 jami'an kwastan na Beljiyam suka tare gwangwanayen giyar Miller High Life guda 2,352 a tashar jirgin ruwa ta Antwerp, daga baya aka tsiyaye abin da ke ciki aka murƙushe gwangwanayen. Ba lalacewa ta yi ba fa. Laifinta kawai an rubuta kalmar Champagne a jikin gwangwanin, alhali giyar hatsi ce daga Amurka.

Mu nan ai duk kwalbar da aka buɗe a wajen dina ta ce fus kumfa ta zubo shamfen muke ce mata, har da ruwan inabin nan da ba ya bugarwa. Ni dai giya ba ta gabana, hukuncinta a addini kowa ya sani, dokar ce ta ja hankalina. Domin a Turai Champagne ba sunan nau'in abin sha ba ne, sunan wuri ne, wani yanki a arewa maso gabashin Faransa wajen biranen Reims da Épernay, gonakin inabinsa kusan hekta dubu 34 a ƙauyuka 319. In ba can aka noma inabin ba, can aka matse shi, can aka tsima shi, to ka nemi wani sunan. Kamar dai yadda Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista don kada wani ya ci da sunan.

Kuma dokar nan da rigima aka same ta. Farkon ƙarni na ashirin ƙwarin da ke cin saiwar inabi sun yi wa manoman ɓarna, damina ba ta yi kyau ba shekaru a jere, su kuma manyan kamfanoni sai suka riƙa sayo giya mai araha daga wasu yankuna suna zubawa a kwalba suna liƙa mata sunan Champagne, manomin gida ya rasa mai sayen nasa da daraja. A 1911 abin ya fashe, manoma suka afka wa rumbunan 'yan kasuwa a garin Aÿ suka farfasa ganguna suka cinna wuta, sai da gwamnati ta turo sojoji. Mutanen lardin Aube da ke kudu su ma suna nasu boren saboda an cire su daga cikin iyakar yankin Champagne da aka fara shatawa. Sai a 1927 doka ta shata iyakar da Aube a ciki, a 1936 kuma sunan ya samu cikakkiyar kariya.

To me dokar ta ce a yi? Inabin da aka fi amfani da shi iri uku ne, Chardonnay da Pinot Noir da Meunier, akwai wasu tsofaffin iri kaɗan da aka yarda da su. Tsinka da hannu dole, ba a yarda a tsinka da inji ba. Wajen matsewa ma an ƙayyade, kilo 4,000 na inabi lita 2,550 kawai za ka tatsa, abin da ya haura ba ya shiga lissafi. Kumfar kuma ba hura ta ake yi kamar ta lemon kwalba ba, sai an zuba sukari da yis an rufe, ta sake tsimuwa a cikin ita kwalbar da za a sayar.

Inda abin ya fi tsauri shi ne maganar shekara. Yawancin kwalaben da ke kasuwa ba su da shekara a jiki, don haɗin girbin shekaru daban-daban ne, kuma ko su sai sun yi aƙalla wata 15 a rumbu. Amma in ka ga an buga shekara, misali 2008, to wannan alƙawari ne a gaban doka: duk inabin na girbin wannan shekarar ne, ba ko ɗigo daga wata, kuma kwalbar ta kwana aƙalla shekara uku a ƙarƙashin ƙasa kafin ta fito. Manyan gidaje kan ninka haka ma. Sannan ko shekara ta yi albarka ba a yarda ka fitar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na girbin da sunan shekarar ba, sai ka ajiye saura na haɗi don shekarar da sanyi ko ƙanƙara za su kashe gona. Wannan a ganina shi ne wayon dokar, ta hana kwaɗayi cinye gobe. Shahararren shamfen ɗin nan Dom Pérignon ga misali ba ya fitowa sai da shekara, in girbi bai gamshe su ba tsallake shekarar suke yi gaba ɗaya. Ka tuna kuɗinka ne kwance cikin ramukan dutsen alli masu sanyi shekara da shekaru ba ciniki, ai dole farashi ya yi sama.

Masu gadin sunan kuwa wata hukuma ce ta manoma da 'yan kasuwar yankin, Comité Champagne, tun 1941, kuma ba su da wasa ko kaɗan. A 1993 kamfanin kayan ƙawa na Faransa Yves Saint Laurent ya fitar da turare ya sa masa suna Champagne, suka kai shi kotu, dole ya koma Yvresse. Akwai wani ƙaramin ƙauye a Suwizalan da sunansa Champagne tun kaka da kakanni, shi ma an hana shi rubuta sunan garinsa a kwalbar giyarsa, wannan kam ni ma na ga kamar an matsa da yawa.

Sai dai hannunsu bai kai ko'ina ba. A Amurka kamfanonin da suke amfani da kalmar tun kafin yarjejeniyar 2006 da Tarayyar Turai an bar su su ci gaba muddin sun haɗa da sunan inda aka yi, shi ya sa har yau ake ganin California Champagne a kantunan can. Rasha kuma a 2021 sai ta juya abin, ta yi doka cewa kalmar shamfen da harshen Rashanci ta giyar gida ce kaɗai, su Faransawan asali kuma su rubuta "giya mai kumfa" a bayan kwalbarsu in suna son kasuwar.