Kamfanin kebul da layin waya: ga amsoshin, kada a sake tambayata

Duk wanda aka aiko wa waya daga Amurka ya ga an rubuta Xfinity ko Spectrum a kwalinta, ni yake nema. Tambayoyin ba sa canzawa. Na tara su wuri guda, wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki nan zan turo shi.

Su wane ne waɗannan kamfanonin?

Comcast da Charter, manyan kamfanonin kebul na Amurka. Comcast ya buɗe Xfinity Mobile a 2017, Charter ya biyo shi da Spectrum Mobile a 2018.

Kebul, wato irin DStv ke nan?

A'a. Mu ne muke kiran kowane dikoda kebul. DStv daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, ta farantin da ka kafa a kan rufi. Nasu waya ce ake ja daga titi har cikin falo, ita ke kawo talabijin, ita ke kawo intanet. Riƙe wannan, don a kansa komai ya ginu.

Ƙarafan sabis nawa suka kafa kafin su fara?

Ba su jira wannan ba. Haya suka kama a wajen Verizon, babban kamfanin layin waya na Amurka. Suna sayen sabis a sari, su sa sunansu, su sayar wa mutane ɗai-ɗai. Irin wannan ɗan hayar shi ake kira MVNO. Mai layin Xfinity in yana kan hanya, ƙarfen Verizon ne ke ɗauke da kiransa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma kada ka ɗauka wayo ne ya zo musu dare ɗaya. Sun sha ƙasa kafin nan. A 2005 kamfanonin kebul huɗu suka haɗa kai da kamfanin waya na Sprint, suka fito da wani layi mai suna Pivot, a 2008 aka binne shi. Cox, ɗaya daga cikin huɗun, ya fara gina nasa, ya ga kuɗin da abin ke ci, ya watsar, a 2012 ya rufe harkar wayar gaba ɗaya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

To me ya sa Verizon ya yarda ya ba kishiya ɗaki a gidansa?

Ciniki ne. A 2006 kamfanonin kebul suka sayi lasisin wani zangon iska, wanda sabis ɗin waya ke bi, a kan kusan dala biliyan 2.4, suka ajiye ba su gina komai a kai ba. Verizon kuwa yana matuƙar buƙatarsa. A ƙarshen 2011 Comcast da Time Warner Cable da Bright House suka sayar masa a kan dala biliyan 3.6, cikin sharuɗɗan har da ba su damar yin haya a layinsa duk ranar da suka so. Charter ya sayi Time Warner Cable da Bright House a 2016, ya gaji damar. Kuma ai kuɗin haya Verizon ke karɓa, ba sadaka yake yi ba.

Ɗan haya ta ina zai ci riba?

Ta Wi-Fi. Ka dubi yinin mutum ɗaya. Ya farka, wayarsa na kan Wi-Fi ɗin gidansa, wanda na Comcast ne. Ya shiga mota, minti 20 yana kan Verizon, nan ne mitar haya ke juyawa. Ya sauka ya shiga shagon shayi, wayar ta kama wani Wi-Fi ɗin na Comcast da kanta, bai taɓa komai ba. Da yawa daga na'urorin da kamfanin ya sa a gidajen mutane suna fitar da sigina ta biyu wadda sauran kwastomomi ke hawa, shi ya sa yake da irin waɗannan wurare sama da miliyan 20. Comcast da bakinsa yana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na datar masu layinsa ta Wi-Fi take bi. Abin da ya rage kaɗai yake biya wa Verizon. Da haka ya iya fara sayar da gig ɗaya a kan dala 12 a 2017.

Yayana zai aiko mini da wayar da ya samu "kyauta" a wajensu. Za ta yi aiki a nan?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Zauna. Amsar ita ce ya danganta, kuma ba a kan abu ɗaya ba.

Da farko kalmar kyautar nan. Yawanci bashi ne da ake biya wata-wata, wata 24 ko 36, kamfanin yana yafe kuɗin kowane wata muddin layin na aiki. Yayanka ya rufe layin a wata na shida, ragowar kuɗin ya hau kansa. Wayar da ba a gama biya ba kuwa galibi a kulle take, sim ɗin kamfanin kaɗai take karɓa. Ka sa MTN, ta ƙi. Buɗe ta sai kamfanin da ya sayar, bayan an gama biya kuma layin ya yi wani ɗan wa'adi yana aiki, kuma mai asusun ne zai nema, ba kai ba. Don haka ya buɗe ta tun tana hannunsa. In iPhone ce, ya shiga saiti, wurin bayanin waya, ya ɗauko maka hoton inda aka rubuta "No SIM restrictions". Bai turo hoton ba, kada ka biya ko kuɗin aike.

Sai ramin sim. Daga iPhone 14, wato 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da shi sam, sai eSIM, wato sim ɗin da ake saukarwa cikin wayar, ba kati. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, MTN da Airtel suna bayarwa, ka je ofishinsu da lambar NIN ɗinka. Amma in layinka na kamfanin da bai yi maka eSIM ba ne, ko kai mai yawan cire sim kana sa wani ne, za ka ji jiki. Ka tuna kuma ya cire asusun iCloud ɗinsa, in ba haka ba madubi ya aiko maka.

Za a ce maka akwai yara a kasuwar waya ta Farm Centre, Kano, da ke buɗe kowace irin waya. Wani lokaci sukan dace. Na ga wadda aka buɗe ta yi wata biyu lafiya lau, mai ita ya sabunta manhaja, ta koma gidan jiya, kuɗinsa ya tafi. Na ga kuma wadda aka fafe bayanta aka dasa mata ramin sim, tun daga ranar ba ta daina zafi ba. Ban ce kada ka yi ba, kuɗinka ne. In wayar a buɗe take tun daga can, ba bashi a kanta, kwantar da hankalinka, za ta yi aiki.

Wai ma me ya kai mai talabijin harkar waya?

Da wannan ya kamata ku fara. Mutane na ta yanke talabijin ɗin kebul suna komawa Netflix da YouTube. Abin da ya rage mai maiƙo shi ne intanet na gida, shi ma T-Mobile da Verizon sun shigo masa da akwatin 5G da kake ajiyewa a taga, ba jan waya, ba ma'aikaci. Layin wayar gyara ne, irin wanda mai tumatir ke ƙara miki don gobe ki dawo. Shi ya sa sai kana da intanet ɗinsu a gida suke buɗe maka layi, shi ya sa suke ba da layi ɗaya kyauta na shekara guda. Magidancin da layinsa da na matarsa da na yara biyu ke rataye da intanet ɗin gidan, sai ya yi dogon tunani kafin ya tashi.

Dabarar ta ci?

A 2025 Charter ya haura layi miliyan 10, Comcast ya haura miliyan 8. Verizon na da sama da miliyan 100. Yi lissafinka.

Zan iya sayen layin a Kano ko Maraɗi?

A'a. Na faɗa maka sai kana da intanet ɗinsu a gida, gidan kuma a Amurka. Karanta sama.

Mu ma za a yi mana irin wannan?

Rabi dai. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ba kamfanoni da dama lasisin MVNO a 2023, don haka 'yan haya sun samu ƙofa. Amma abin da ya riƙe Comcast shi ne wayar da ya riga ya ja cikin miliyoyin gidaje, da Wi-Fi ɗin da ke ɗauke masa kashi 90. Ɗan haya a nan, kusan duk gig ɗin da ka ƙona sai ya biya mai ƙarfen sabis. Leƙa unguwarku ka ƙirga gidajen da aka ja wa wayar intanet.