Waiwaye: yadda hankalin mamaci ya zama abin shari'a a rigimar wasiyya

A rigimar wasiyya, mutumin da ake gardama a kan hankalinsa yana kabari, ba zai tashi ya kare kansa ba. Zafin rigimar kuwa ya danganta ne da yawan 'yancin da doka ta ba mai dukiya.

A zamanin Rumawa, ɗan da uba ya hana gado ba gaira ba dalili yana iya kai ƙara. Kotu sai ta ɗauka kamar uban ba ya cikin hayyacinsa, ko da kowa ya san lafiyarsa ƙalau. Haukan na aro ne, an jingina masa don a sami hanyar rushe takardar.

Shari'ar Musulunci ta rage abin faɗa tun daga tushe. Hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya tsayar da wasiyya a sulusi, magaji ba a yi masa wasiyya, kuma kyautar da aka yi a ciwon ajali a cikin sulusin ake lissafa ta. Dokar Faransa ta 1804 ma ta ware wa 'ya'ya kason da ba a taɓawa.

Ingila ce ta sakar wa mai dukiya mara. Dokar 1837 ta nemi rubutu da shaidu biyu, bayan wannan kuwa mai dukiya ya ba wanda ya ga dama. Dangin da aka hana sai suka koma sukar hankalinsa.

A nan shari'ar Banks da Goodfellow ta 1870 ta shigo. John Banks ya yi imani cewa aljanu na binsa, har da wani mutum da ya daɗe da rasuwa. Duk da haka kotu ta tabbatar da wasiyyarsa, don ruɗun bai shafi rabon da ya yi ba. Alƙali Cockburn ya ce abin dubawa shi ne ko mutum ya san wasiyya yake yi, ya san yawan abin da ya mallaka, ya tuna waɗanda suke da hakki a kansa, kuma ba ruɗu ne ya karkatar da hannunsa ba. A ganina hukuncin ya yi adalci ga masu taɓin hankali fiye da yadda zamaninsa ya saba.

Yau da yawa daga cikin ƙararrakin na tsofaffi ne masu ciwon mantuwa, waɗanda hankalinsu ke zuwa yana komawa. A 1975 Alƙali Templeman ya ba lauyoyi shawarar su sa likita ya duba tsoho ko majinyaci kafin sa hannu. A 2010, wata kotun Ingila ta soke wasiyyar wani dattijo da ya rubuta mako guda bayan rasuwar matarsa, ta ce tsananin jimami ma yana iya gusar da hankalin da doka ke nema.