Raunin Laka: Kada Jiran Ƙafa Ya Kashe Hannu

"Likita, yaushe zai taka?" Da wannan tambaya 'yan uwa suke tarar mu duk ranar da aka kawo wanda ya ji rauni a laka, ko haɗarin mota ne, ko faɗowa daga sama, ko harbi. Ban ga laifinsu ba. Abin da yake damuna shi ne yadda tambayar take cinye watannin farko: an zuba wa ƙafa ido ana jiran ta motsa, hannu da kafaɗa masu sauran ƙarfi kuwa an bar su suna mutuwa a kan gado.

Laka ita ce take kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Idan rauni bai datse saƙon duka ba, wani ƙarfi yakan dawo, yawanci cikin wata 6 na farko, saura ya biyo a hankali har shekara ɗaya zuwa biyu. Idan ya datse gaba ɗaya, da wuya tafiya ta dawo, kuma gara a faɗi haka tun da wuri. Amma ba a nan zance ya ƙare ba. Wanda rauninsa yake ƙasa da wuya hannayensa lafiya lau suke, zai iya koyon juya kansa, da zama ba jingina, da sauka daga gado zuwa keke, da wanka. Ko mai rauni a ƙashi na 6 na wuya, in ya ɗaga wuyan hannunsa yatsu kan naɗe da kansu har ya riƙe cokali. Shi ya sa muke hana a riƙa miƙar masa da yatsu da ƙarfi, gyaran da ake ganin an yi ɓarna ce.

Sunan "gashin ƙashi" da ake kiran aikinmu da shi ma yana ruɗar mutane. Aikinmu motsa gaɓoɓi ne kullum don kada su ƙage, da gina ƙarfin kafaɗa, da horar da numfashi, da maimaita abu guda sau ɗari. Ruwan zafi a fatar da ba ta ji ƙuna kawai yake jawowa.

Fata ce abar tsoro. Gyambon kwanciya guda a ƙugu ko dunduniya zai iya tsayar da horo na watanni, wani ma ya yi ajali. A juya majiyyaci duk awa 2, dare da rana. In yana kan keke ya riƙa ɗagawa ko karkatawa duk minti 15 zuwa 30. A duba fatar safe da yamma; jan tabon da bai ɓace ba bayan an ɗauke nauyi, gargaɗi ne. Mafitsara kuma a zubar da ita a kan lokaci, masu sa robar fitsari su cire sukan yi duk awa 4 zuwa 6, don kare ƙoda. Da irin wannan kulawa, haɗe da wasanni, Dokta Ludwig Guttmann ya fara aiki a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, zamanin da yawancin masu wannan rauni ba sa daɗewa a duniya. Gasar da ya shirya musu a 1948 ita ta haifi Paralamfik, gasar wasanni ta duniya ta masu naƙasa.

Alama ɗaya ba ta jira. Mai rauni daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, in kansa ya sara farat ɗaya, gumi ya keto masa a fuska, jininsa ne ya hau. A zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe. In bai lafa ba, sai asibiti.

Ku masu jinya, tausayi ne yake sa ku karɓe rigar ku sa masa, na sani. Ku bar shi ya sa da kansa ko zai ɗauki minti 40, don wata mai zuwa ba zai kai haka ba. In zuciya ba za ta jure kallo ba, ku ɗan fita, ku dawo idan ya kira.