Aƙidar Monroe: ba doka ba ce, ba kuma yarjejeniya ba ce

Tun da Donald Trump ya fara maganar karɓe mashigin ruwan Panama da matsa wa Venezuela lamba, da wuya a ji mai sharhi a rediyo bai ambaci Aƙidar Monroe ba. Wani ya ce "dokar Monroe", wani ya ce yarjejeniya ce da ƙasashen Kudancin Amurka suka sa wa hannu, har da mai cewa ita ce ta halatta wa Amurka kai soja ƙasashen maƙwabta. Duk shaci-faɗi ne.

'Yan sakin layi ne kawai a cikin dogon saƙon shekara-shekara da James Monroe, shugaban Amurka na biyar, ya aika wa majalisa ranar 2 ga Disamba, 1823. Ba a ma jere suke ba, akwai wasu batutuwa a tsakaninsu. Abin da suka ƙunsa shi ne: ƙofar sabon mulkin mallaka a nahiyar Amurka ta rufe ga Turawa, kuma duk ƙasar Turai da ta nemi murƙushe ƙasashen da suka ƙwaci 'yancinsu daga Sifen, Amurka za ta ɗauka da ita ake yi. Ita kuma ta yi alkawarin ba ruwanta da yaƙe-yaƙen Turai, ba za ta taɓa yankunan da Turawa ke riƙe da su a lokacin ba. Babu inda aka ce ta tura soja gidan wani. Sunan "aƙida" ma sai bayan shekaru kusan 30 aka laƙaba mata.

Wajen da masu sharhi ke tsallakewa shi ne yadda aka haifi maganar. A 1823 sojojin Faransa sun shiga Sifen sun maida wa Sarki Ferdinand na Bakwai cikakken ikonsa, sai aka shiga fargabar cewa za su taimaka masa ya ƙwato yankunansa na nahiyar Amurka. Rasha kuma tun 1821 take iƙirarin gaɓar teku daga Alaska zuwa kudu. Birtaniya, wadda 'yan kasuwarta suka fara cin kasuwar sababbin ƙasashen, ba ta son a koma gidan jiya. Shi ya sa ministanta na harkokin waje, George Canning, ya nemi a fitar da sanarwar haɗin gwiwa da Amurka. Monroe ya tuntuɓi tsofaffin shugabanni biyu, Jefferson da Madison, dukansu suka ce a karɓa. Sakataren harkokin wajen Amurka John Quincy Adams ne ya ƙeƙasa ƙasa. Hujjarsa a zaman majalisar ministoci ita ce bai dace Amurka ta zama ɗan kwalekwalen da ke bin bayan jirgin yaƙin Birtaniya ba. Amma akwai lauje cikin naɗi: tayin Canning ya ƙunshi alkawarin cewa babu ɗayansu da zai mallaki wani yanki na Sifen. Da an sa hannu, da Amurka ta ɗaure kanta game da Kyuba da Texas, wuraren da Adams yake ganin wata rana za su faɗo hannunta. Wato an kori Turawa daga gonar, amma mai korar bai yarda ya rantse cewa shi ba zai shiga ba.

Ƙarfin aiwatarwa kuwa babu shi a lokacin. Jiragen ruwan yaƙin Birtaniya ne suka tsare tekun, kuma tun a watan Oktoban 1823 Canning ya riga ya karɓi alkawarin Faransa cewa ba za ta kai yaƙi can ba. Da Birtaniya ta kama tsibiran Falkland a 1833, Amurka ba ta ce uffan ba.

Masu wanke Monroe su ma sukan ba ni haushi. A wannan shekara ta 1823 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai John Marshall, ta yanke a shari'ar Johnson da M'Intosh cewa 'yan asalin ƙasar haƙƙin zama kawai suke da shi a ƙasarsu, ba su da ikon sayar da ita sai ga gwamnati. A 1845 Shugaba James Polk ya tono maganar Monroe don ya hana Turawa sa baki a batun Texas da Oregon da Kalifoniya. Shekara ta zagayo ya shiga yaƙi da Meziko, kuma a sulhun 1848 Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta a kan dala miliyan 15.

Batun kai soja, wanda ake jingina wa Monroe, na Shugaba Theodore Roosevelt ne. Bayan Birtaniya da Jamus da Italiya sun toshe tashoshin ruwan Venezuela a 1902 saboda bashi, Roosevelt ya ce a watan Disambar 1904 Amurka za ta riƙa yin aikin ɗan sanda a yankin, don kada Turawa su sami hujjar zuwa. A 1905 ta karɓe kwastan na Jamhuriyar Dominika tana biyan masu bin bashi da kuɗin. Sojojinta suka sauka Nikaraguwa a 1912, suka shiga Haiti a 1915, ba su fita daga can ba sai 1934.