Waiwaye: yadda wa'adin maganin shanyewar ɓarin jiki ya tashi daga awa 3 zuwa 24

Kafin na'urar hoto ta CT ta fito a 1971, likita ba shi da hanyar gane nan take ko jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa ko fashewa ta yi, alhali maganin wannan guba ne ga wancan. Sai dai a kwantar da majinyaci a zuba ido.

A shekarun 1990 an gwada narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya da wani magani mai suna streptokinase, aka dakatar da gwaje-gwajen saboda zubar jini a ƙwaƙwalwa. Sai a 1995 wani gwaji a Amurka ya nuna wata allurar narkar da gudan jini mai suna alteplase na aiki in an ba da shi cikin awa 3, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da shi a 1996. Ana auna miligiram 0.9 kan kowane kilo na nauyin mutum, ba a wuce 90. Kashi ɗaya cikin goma a tura lokaci guda, sauran ya bi ƙarin ruwa cikin awa ɗaya. Dole awon jini ya sauka ƙasa da 185/110 tukuna. Duk da haka, kusan shida cikin ɗari sun zubar da jini a ƙwaƙwalwa. A 2008 aka miƙa wa'adin zuwa awa huɗu da rabi.

Lissafin nan na da tarko. Ana farawa ne daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe. Wanda ya yi sallar isha'i garau, da asuba aka tarar bakinsa ya karkace, agogonsa tun isha'i yake gudu.

Ga babban gudan da ya toshe babbar jijiya kuwa, allurar sau da yawa ba ta iya masa. Gwaje-gwaje uku na zaro gudan da siririn bututu ta jijiyar cinya sun ci tura a 2013, domin kayan aikin na tsohon yayi ne, kuma ba kowa aka tabbatar da toshewar a hoto ba. Gwajin MR CLEAN na ƙasar Holan ya juya akalar a 2015, cikin awa 6. A 2018 gwajin DAWN ya kai wa'adin zaro gudan awa 24, matuƙar hoto ya nuna akwai sauran ƙwaƙwalwar da ba ta mutu ba.

Shawara mafi nauyi ita ce ta buɗe ƙoƙon kai idan ƙwaƙwalwa ta kumbura. Haɗakar gwaje-gwajen Turai uku a 2007 ta nuna cewa ga 'yan shekara 60 zuwa ƙasa, tiyata cikin awa 48 ta ɗaga masu rayuwa daga kashi 29 zuwa 78 cikin ɗari. A 2014 aka gwada a kan waɗanda suka haura 60: da yawa sun rayu, amma galibinsu sai an kwantar an tayar. Shi ya sa likita kan zaunar da iyali kafin a taɓa wuƙa, ya tambaye su irin rayuwar da majinyacin zai yarda da ita da a ce yana iya magana.